Ba da Jikin Ɗanka Ake Gwada Allah Ba

Wata magana ta shiga bakin wasu Kiristoci a ƙauyukanmu na ƙasar Rimin Gado, kuma na gaji da jin ta: "Mu jinin Yesu ne rigakafinmu." Ana faɗin ta da ɗaga murya kamar mai ba da shaida ranar Lahadi, alhali ma'aikaciyar lafiya tana tsaye a ƙofar gida da akwatin sanyinta a kafaɗa, uwa kuma tana ɗaki ta rungume jariri domin maigida ya ce kada a kuskura a fito da shi. Ni Kirista ne, Bahaushe, a wannan ƙasa aka binne cibiyata, kuma ina faɗa ba tare da shakka ba cewa wannan magana cin zarafin sunan Ubangiji ce. An ɗauki suna mafi tsarki an lulluɓe sakaci da shi, wanda zai biya bashin sakacin kuwa yaro ne da ko "Baba" bai iya faɗa ba tukuna.

Mu a nan ba mu da yawa. Gidajenmu a tsakiyar gidajen maƙwabtanmu Musulmi suke, gona kusa da gona, rijiya ɗaya, makarantar firamare ɗaya, mota ɗaya ke kwasar mu a kan hanyar Gwarzo zuwa cikin Kano. Ƙyanda ba ta tambayar yaro ko an yi masa baftisma. Yaro ɗaya mai ƙyanda yana iya shafa wa yara goma sha biyu zuwa goma sha takwas in ba su da rigakafi, shi ya sa masana suka ce sai an yi wa kashi 95 cikin ɗari kafin cutar ta rasa hanyar bi. Saboda haka wanda ya hana ɗansa allura ba gidansa kaɗai ya yanke wa hukunci ba. Ya yanke wa jaririn maƙwabciyarsa ɗan wata huɗu, wanda lokacin allurar ƙyandarsa bai yi ba sai ya cika wata tara. Ta yaya za ka yi waƙar ƙaunar maƙwabci da safe, da yamma ka buɗe wa cuta ƙofa ta shiga gidansa?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mun san wannan labari, mun gan shi da idonmu. A 2003 ne jita-jita ta mamaye Kano cewa an sa maganin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau a ɗigon shan inna. Dokta Datti Ahmed, wanda shi kansa likita ne, yana cikin manyan da suka tsaya a kan zargin, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau kuma ta dakatar da aikin har zuwa ƙarshen Yulin 2004, lokacin da aka kawo maganin daga Indonesiya. A 'yan watannin nan ƙwayar cutar ta sami sarari. Ta fita daga Arewa ta shiga ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. A 2006 yaran da shan inna ta shanye wa ƙafa a Najeriya sun haura dubu ɗaya. Waɗannan yara ba ƙididdiga ba ne a wurinmu. Su ne samari da 'yan matan da muke gani yau a kan keken guragu a bakin danja.

A wancan lokaci Kiristoci da yawa sun riƙa taɓe baki suna cewa wannan matsalar Musulmi ce, mu mun waye. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma duk mai adalci ya san tsoron mutanen Kano yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutane sama da dubu goma a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, goma sha ɗaya suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma dole ya yi tsalle. Amma Trovan magani ne na gwaji da ba a gama tantance shi ga yara ba, ba allurar rigakafi ba ce, kuma darasin da ke ciki shi ne a tsananta bincike, a hukunta mai ha'inci. Ba a rama zaluncin kamfani ta hanyar miƙa wa cuta 'ya'yanmu.

To, me maƙwabtanmu suka yi bayan nan? Sun koma sun gyara. Shekarau da kansa ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a gaban jama'a. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya tattara sarakunan Arewa suka shiga aikin, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka riƙa bin gida-gida, limamai suka yi huɗuba. An biya da jini ma: ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano, kusan dukansu mata masu neman abin kai wa bakin salati. Sauran matan ba su ajiye akwatin ba. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Yaran da aka ɗiga wa maganin a 2004, waɗanda aka rantse ba za su haihu ba, yau ga su nan da goyo a baya. Je ka kowane taron sunan jariri daga Gulu zuwa Butu-Butu ka ƙirga.

Jita-jitar da maƙwabtanmu suka yar a bola, ita ce yanzu wasu daga cikinmu suka tsinto, suka wanke, suka sa mata rigar coci. Ta waya take zuwa. Saƙon murya a WhatsApp, wani da ba a san fuskarsa ba yana cewa allurar alamar dabba ce, lambar 666, wai akwai na'ura a ciki. Bidiyon wani babban fasto mai gidan talabijin, sanye da kwat mai tsada, yana magana da Turanci mai santsi, shi ke nan sai mai bishara na ƙauye ya ɗauka wahayi ne ya hau bagade da shi. Fasto Chris Oyakhilome ya shafe shekaru yana yaɗa irin waɗannan maganganu, har hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Birtaniya ta ci tasharsa ta Loveworld tarar fam 125,000 a 2021 saboda ƙarairayi a kan korona. A Kenya, a 2014, bishop-bishop na Katolika suka zargi allurar tetanus da hana haihuwa, zargi iri ɗaya da na Kano, ba a kuma taɓa tabbatar da shi ba. A Zimbabwe kuwa an ga ƙarshen wannan hanya. A 2022 ƙyanda ta ɓarke a lardin Manicaland, ta fi yin ɓarna a cikin ɗarikun da ke hana mabiyansu zuwa asibiti, ta kashe yara fiye da 700. Iyayen nan masu addu'a ne, masu azumi, masu fararen riguna. Addu'arsu ba ta gaza tamu ba. Shugabanninsu ne suka yaudare su.

Bari mu zo kan Littafi Mai Tsarki, tunda da shi ake fakewa. Masu ƙin allura suna son jawo Zabura ta 91, su ce Allah ya yi alkawarin kiyaye nasa daga annoba. Su buɗe Matiyu sura 4 su ga wanda ya riga su jawo wannan Zabura. Iblis ne. Ya kai Yesu ƙololuwar Haikali, ya ce ya faɗo ƙasa tunda an yi alkawari mala'iku za su tare shi. Ayar gaskiya ce, mai jawo ta ne maƙaryaci. Yesu ya ƙi, ya nuna masa cewa jefa kai cikin hatsari da gangan domin a tilasta wa Allah yin mu'ujiza gwada Allah ne, kuma an haramta shi. Ɗan Allah bai yarda ya yi wannan da jikinsa ba. Kai kuma, ɗan'uwa, ka ɗauki jikin wani, jikin jinjiri da aka ba ka amana, ka tsaya da shi a bakin ƙololuwar kana cewa kana da bangaskiya. In kana son gwada ƙarfin imaninka, ga talauci nan, ga gafarta wa wanda ya ci maka iyakar gona, ga riƙe gaskiya a kasuwa. Maƙogwaron ɗanka ba filin gwaji ba ne.

Kuma Littafin cike yake da mutanen Allah suna amfani da dabara. A Kubawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya ja ɗan katanga a gefen rufin soro, domin in wani ya faɗo kada alhakin jini ya hau gidan. Ba a ce ya yi addu'a kada kowa ya faɗo ba, an ce ya gina. Littafin Firistoci ya sa a keɓe mai cutar fata a riƙa duba shi bayan kwana bakwai. Sarki Hezekiya ya yi kuka ga Allah, Allah ya yi masa alkawarin warkewa, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan ƙurjin. Basamariyen nan da Yesu ya yaba bai tsaya a kan mai rauni yana tsawata wa aljanu ba, ya wanke raunin, ya ɗaure, ya biya kuɗin jinya. Luka da ya rubuta mana wannan labari likita ne. A ina aka samo koyarwar cewa magani kishiyar addu'a ne?

Ba daga waɗanda suka kawo mana bishara aka samo ta ba. Tsofaffinmu da yawa ta ƙofar shan magani suka fara jin sunan Yesu. Dokta Walter Miller, wanda ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, likita ne. Asibitin St Luke na Wusasa, asibitin kutare na Yadakunya da mishan SIM ta riƙe tun shekarun 1930, asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943 wanda Musulmi da Kirista ke bin layinsa har gobe, asibitin Galmi a Nijar: duka 'yan coci ne suka tsaya a kansu. Likita na farko daga Arewacin Najeriya, Dokta Barau Dikko, Kirista ne daga Wusasa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Kirista ne Bahaushe, kuma likitan yara ne. Wannan shi ne gadonmu. Mai bisharar da ya hau bagade yana tsoratar da mata da allura, wannan gadon yake tofa wa yawu.

Akwai wani labari da ya kamata a riƙa koya wa yaranmu a makarantar Lahadi. Matasan yau ba su san agana ba, sai dai su ga zanen da ta bari a fuskar wasu tsofaffi. Cuta ce da ke kashe kusan mutum uku cikin goma da ta kama. A Disamban 1966 ta ɓarke a yankin Ogoja, maganin rigakafi kuma bai isa kowa ba. Wani likitan mishan na cocin Lutheran, William Foege, ya yi amfani da rediyon da 'yan mishan ke magana da juna, ya sa aka tura mutane ƙauye-ƙauye su gano inda cutar take, sannan aka yi wa waɗanda ke kewaye da masu ciwon allura. Annobar ta tsaya. Wannan dabara da aka gwada a ƙasarmu ita ce duniya ta ɗauka, har aka bayyana a 1980 cewa agana ta ƙare a doron ƙasa. Mutumin coci ne ya yi wannan da ilimin da Allah ya ba shi, bai kuma ga saɓani tsakanin durƙusawarsa da sirinjinsa ba.

Ilimin kimiyya ba gunki ba ne, ban ce a yi masa sujada ba. Girmama shi yana nufin ka yarda cewa wanda ya shekara da shekaru yana nazarin jini da ƙwayoyin cuta ya fi ka sanin wannan fanni, kamar yadda ka fi shi sanin ƙasar da dawa ke so. Yana kuma nufin a faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Allura takan kawo zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, cinya ta kumbura, yaro ya kwana yana kuka. Dalili shi ne an nuna wa garkuwar jiki raunanniyar ƙwayar cutar, ko matacciya, ko wani ɓangarenta, jiki yana koyon yaƙi da ita tun kafin ta gaske ta zo. Haka kuma gaskiya ne cewa raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon shan inna tana iya rikiɗa ta yi ƙarfi in ta daɗe tana yawo, kuma hakan ya faru a Arewa. Amma a ina take samun wurin yawon? A cikin yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Masanan da kansu ne suka gano haka suka sanar da duniya. Haka likitan nan na Ingila, Andrew Wakefield, da ya ƙaga alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da lalurar galahanga a 1998: 'yan'uwansa likitoci ne suka soke rubutunsa suka ƙwace lasisinsa a 2010. Ilimi yana kama ɓarawonsa. Mai saƙon murya a WhatsApp wa ke kama shi? Wa ya taɓa jin ya dawo ya ba da haƙuri bayan an binne yaro?

An kuwa binne yara. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya dawo, Kano ce cibiyarsa, mafi yawan waɗanda suka kamu a faɗin Najeriya a jiharmu suke, kuma mafi yawansu yara ne da ba a yi wa allura ba ko ba a kammala musu ba. Sai da aka ware sashe guda a asibitin Murtala domin su. Wanda bai san mashaƙo ba ya saurara: wata fata ce mai launin toka ke tsirowa a maƙogwaro ta toshe numfashi, wuya ya kumbura, dafin ƙwayar kuma ya bi jini ya taɓa zuciya, har yaron da ake ganin ya samu sauƙi ya faɗi bayan makonni. Maganin dafin yana da wuyar samu. Allurar da ke hana wannan duka kyauta ce, tana cikin haɗin nan mai kare cuta biyar da ake yi wa jariri a sati shida, sati goma da sati goma sha huɗu. Cuta ce da duniya ta san rigakafinta kusan shekara ɗari, amma ta zo ta same mu a buɗe. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna yara fiye da miliyan biyu a Najeriya ba su taɓa samun ko allura ɗaya ta wannan haɗin ba, babu ƙasar da ta kai mu.

Na san magidanta a cikinmu da ba sa wasa da shanun huɗarsu. Da zarar an ce malamin dabbobi ya zo, su ne a gaba da igiya a hannu, su biya kuɗi a yi wa sa allura, ba wanda ya taɓa cewa jinin Yesu ya isa wa bijimi. Sun san in sa ya faɗi damina ta lalace. Ɗan da suka haifa kuwa, shi ne za a bar wa "ikon Allah". In ya mutu a taru a yi waƙa, a ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, a hana uwar kuka wai kada ta nuna ƙarancin bangaskiya. Ita ce ta so kai shi asibiti aka hana ta. Ita ce za ta ɗauki ciwon har kabarinta. Wannan zalunci ne, kuma ikilisiyar da ta yi shiru a kansa tana da kaso a ciki.

Gwamnati ma ba ta fita ba. Mata suna tambaya, kuma tambayarsu tana kan hanya: me ya sa ɗigon shan inna ke biyo mu har ɗaki kyauta, amma in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai mun sayar da akuya? Uwa ta yi tafiyar ƙafa da goyo cikin rana zuwa asibitin sha-ka-tafi, a ce mata malamin bai zo ba, ko a ce sai yara sun taru kafin a buɗe kwalba, ko a daka mata tsawa don ta ɓatar da kati. Irin wannan wulaƙanci yana korar mutane fiye da jita-jita. Mu yi ta faɗa a kansa, mu dami kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa har sai sun gyara. Amma fushinmu da gwamnati ba dalili ba ne na hukunta jariri.

Saboda haka, Baba Fasto, da ku nake, da dattawan ikilisiya. Kuna sanar da ranar baiko, kuna sanar da taron girbi da gudummawar ginin coci, ba ku taɓa mantawa ba. Ku sanar da ranar allura daga kan bagaden nan. Ranar da aka kawo jariri miƙawa ga Ubangiji, bayan addu'a ku tambayi uban, ba uwar ba, ina katin rigakafinsa, ku duba ko an yi masa ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ake yi da haihuwa. Duk mai bisharar da ke ƙarƙashinku da ya yi wa'azin alamar dabba a kan allura, ku kira shi ku zaunar da shi, in ya ƙi ji ku sauke shi, kamar yadda za ku yi wa wanda ya ci kuɗin baiko, domin abin da yake wasa da shi ya fi kuɗi. Ku kuma buɗe harabar coci ga ma'aikatan lafiya ranar Lahadi bayan sujada, lokacin da yara suke wuri ɗaya.

Ku kuma iyayenmu na Zumuntar Mata, babu gidan da ba ku san cikinsa ba. Kun san wadda ta haihu a gida ba ta je awo ba, kun san wadda mijinta ya hana, kun san amaryar da ke jin kunyar fita. Ku je ku biyu ko uku, ku yi wa maigidan magana a gaban mahaifiyarsa in ta kama, ku raka matar asibiti. Ku tuna mata da ta wata tara, ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, da ta biyun ƙyanda a wata goma sha biyar, domin a nan ne yawanci ake yankewa. 'Yan mata masu shekara tara zuwa goma sha huɗu kuma akwai tasu ta kariya daga sankarar bakin mahaifa, wadda aka fara a ƙasar nan a Oktoban 2023. Wadda ɗanta ya tsallake wata allura kada ta zauna tana cewa lokaci ya wuce, ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Wadda katinta ya ɓace ta je hakanan a duba rajista a ba ta wani.